Abin da muka tsinta a hirar wayoyin Linux a Nima

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a unguwar Nima da ke Accra kan batun wayoyin Linux masu kare sirri, wato wayoyin da ke aiki da tsarin Linux maimakon Android ko iOS, ga abin da na riƙe.

Kowa ya yarda kada mutum ya yar da tsohuwar wayarsa. WhatsApp ba shi da manhajar Linux, sai an bi ta Waydroid, manhajar da ke sa manhajojin Android su yi aiki a Linux, shi kuma zuƙe batir yake yi. Wani ɗan'uwa ya buɗe murfin wayarsa ta Linux mai suna PinePhone, ya nuna mana 'yan maɓallai shida, ƙanana har sai da tsinke, masu kashe kyamara da makirfo da sauransu. Abin ya burge ni. Wata wayar Linux ɗin, Librem 5, uku gare ta a gefe, ta fi sauƙin taɓawa, amma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Kafin ka saya, sa layinka ka danna *170#, ka ga ko MoMo, tsarin tura kuɗi ta waya na MTN, zai buɗe. A Accra wayar da ba ta tura kuɗi ado ce kawai.

Gyara kuwa, kada ka sa ran samun kayanta a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra.

Wani dattijo ya ce, “Yara, ku sa Ubuntu Touch a tsohuwar waya tukuna, in ta karɓa.” Ubuntu Touch tsarin Linux ne na waya. Ni dai nan zan fara.