Injin ban ruwa ya ƙi tashi bayan damina

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka da shawara. Injin ban ruwana ne, Honda GX160 mai inci 3. Tun saukar damina na jingine shi a zaure. Jiya na kai shi lambu, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. In na rufe cok, wato abin da ke rage masa iska wajen tayarwa, sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Dashen tumatirina kwana uku ke nan bai sha ruwa ba, ganyen ya fara langaɓewa.

Manomin Kadawa: Wa alaikumus salam. Da fetur a ciki ka ajiye shi?

Baban Ummi: Kusan rabin tanki.

Oga Bakanike: To Alhaji, ga ciwon nan. Fetur in ya yi watanni a kafireta, bushewa yake ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya toshe jet, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙaramin rami da fetur ke bi. Injin da sai da cok yake motsi, mai ne ba ya isar masa. Ka zubar da tsohon fetur ɗin duka. Ka rufe makullin mai, ka sa sifana lamba 10 ka kwance ɗan kwanon da ke ƙasan kafireta. Jet ɗin yana can tsakiya, sukundireba mai faɗin baki ce ke fito da shi. Ka ɗaga shi wajen rana, in ba ka hango haske ta ramin ba, ya toshe. Ka zare sili ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta ka zura a hankali. Don Allah ban da allura, buɗa ramin take, daga nan injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi.

Ɗan Gwarzo: A duba fulogi ma. A cire shi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da jikin injin a ja igiya. In shuɗiyar wuta ta fito, lafiya lau. Ni nawa waya ɗaya bakanike ya cire min, ta na'urar baƙin mai, tun daga nan bai sake mutuwa ba.

Oga Bakanike: Ƙanena, wannan wayar ka mayar da ita yau. Ita ce ke kashe injin in baƙin mai ya yi ƙasa. Dukan baƙin man da injin yake ɗauka kusan lita 0.6 ne, bai cika robar lita ɗaya ba, amma in ya ƙare yana aiki, sai sabon fistin da ringi, wani lokaci har kiranshaf. Sau tari ma man bai ƙare ba, a gangaren bakin rafi ake girke injin, man ya gangare gefe guda. A share wuri a daidaita masa zama. Fulogi kuwa BPR6ES ne nasa, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.

Maman Khadija: Baban Ummi, kafin a tayar a cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama. Bara yaron lambuna ya manta, injin ya yi ta gudu a bushe, sil ɗin da ke hana famfon yoyo ya ƙone, ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasa. Ranar har hawaye na yi, albasata na tsakiyar ƙosawa. Kuma da hunturun nan a riƙa wanke soson iska, ƙura na shaƙe shi.

Manomin Kadawa: Ni in zan ajiye nawa, makullin mai nake rufewa yana aiki, in bar shi ya shanye na kafireta ya mutu da kansa.

Baban Ummi: Alhamdulillah, ya tashi a ja na biyu! Oga, yadda ka faɗa, jet ɗin ya toshe ƙam, kwanon kuma har wani kore-kore ya yi. Ruwa na kwarara a kwami yanzu. Allah ya saka da alheri. Sai dai robar bakin kwanon ta tsinke wajen mayarwa, mai na ɗan tsattsafowa.

Oga Bakanike: Kashe shi tukuna, Alhaji, salansa na da zafi, fetur ba ya jira. Ka ɗauki tsohuwar robar ka kai wa masu kayan janareta su gwada maka irinta.