Masu kai kaya ƙasashen waje, ta ina kuka fara?

Maman Ilham, Kano: Assalamu alaikum. Turaren wuta da humra nake haɗawa, yanzu matan Yamai da Kumasi sun dame ni da tambaya a WhatsApp. Don Allah waɗanda suka riga mu, ku faɗa min yadda kuka fara, kar in faɗa da ka.

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni riɗi da soɓorodo nake yi. Da farko ko buhu ɗaya ban fitar da sunana ba, wani kamfani a Legas nake tara wa, shi ke lodi zuwa Turkiyya da Japan. A hannunsu na koyi abin da masu saye ke dubawa: danshi, tsakuwa, ragowar maganin ƙwari. Kan wannan maganin ne fa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Sai da idona ya buɗe na yi rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya waje), banki ya buɗe min fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar da kuɗinsu. Takardu masu sauƙi ne, wanda zai biya ki cif shi ne aikin.

Baban Sadiya, Maraɗi: Ƙanwata, in Nijar ce, yanka farashi da sefa, kuma ki karɓi rabi kafin kaya su bar tasha. Na taɓa bayar da atamfa bashi da lissafin naira, kafin a biya ni canji ya lashe ribar. Ga iyakar Najeriya da Nijar kuma. An rufe ta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, dilolina suka yi ta kwana a Jibiya, bakin iyaka. Tun lokacin nake ajiye ɗan kaya a wajen ƙanena a Nijar, kullum akwai na sayarwa.

Anti Mai Lalle, Kumasi: 'Yar'uwa, kar wani ya zuga ki ki kama shago a Gana. Dokarsu ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan 1, kuma da idona na ga an garƙame shagunan 'yan Najeriya a nan. Nemi mace 'yar ƙasa a zango, ta sayar ta cire nata. Lambar NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, kuma ba ta wadatar a nan, suna da tasu hukumar, FDA.

Ɗan Dawanau: Alhaji, rabi kafin lodi ai sai wanda ya san ka. Sabon mai saye ba zai yarda ba.

Baban Sadiya: To ta fara da kwali biyu, abin da in ya salwanta ba za ta kasa barci ba.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri. Anti, humra a kwalba take, ta wace mota kuke aikowa ba ta fashe ba?