Neman shawara: Ni likitar haƙori ce, ta ina zan fara neman bizar aiki a ƙasar waje?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan harka, musamman likitocin haƙori da ke aiki a waje. Shekarata 34, na gama karatu, na yi shekarar horo, kuma na haura shekara biyar ina duba marasa lafiya a asibiti. Ina da aure da yara biyu, maigida ya amince mu nemi tafiya tare in hanya ta samu. Wani ejan ya ce in ba shi rabin kuɗinsa yanzu, zai samo min asibitin da zai ɗauki nauyina a Ostireliya, biza ta fito cikin wata shida, jarrabawa kuma sai na isa can. Ƙawata ta ce in manta da shi in nemi Kanada, wani abokin aiki kuma ya ce Ingila ta fi sauƙi. Kaina ya ɗaure. Shin maganar ejan nan gaskiya ce? Kuma mai shekaruna da iyali, wace ƙasa ya kamata ya fuskanta? Allah ya saka da alheri.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Dakta. Kada ki ba mutumin nan ko sisi. A Ostireliya nake aiki, kuma abin da ya tsara miki ya saɓa wa yadda ake yi tun daga tushe. Babu asibitin da zai ɗauke ki a matsayin likitar haƙori alhali ba ki da rajista da hukumar likitocin haƙori ta ƙasar, wadda ake bi ta hannun AHPRA, hukumar da ke kula da rajistar ma'aikatan lafiya a can, domin doka ba ta yarda ki taɓa bakin kowa ba. Rajistar kuma ba ta samuwa ga mai digiri irin namu sai ya bi ta ADC, majalisar da ke tantancewa da jarraba likitocin haƙori da suka yi karatu a waje. Waɗanda aka ɗauke wa wannan su ne masu digirin ƙasashe ƙalilan, kamar Birtaniya, Ailan, Niyu Zilan da Kanada.

Ga yadda ADC take. Da farko za ki tura takardunki su tantance digirinki da rajistarki ta gida da shaidar cewa ba ki da wani tabo a wurin aiki. In sun amince sai ki zauna jarrabawar rubutu, wadda ake yi a kwamfuta sau biyu a shekara, kuma akwai cibiyoyinta a ƙasashe da dama, ba sai kin je can ba. Bayan ita sai ta aikin hannu, ita kam a Melbon kaɗai ake yin ta, kwana biyu: rana ɗaya kina aiki a kan haƙoran roba, rana ɗaya ana gwada yadda kike magana da mara lafiya da yadda kike yanke shawara. Nan ne mutane suka fi faɗuwa, ba don ba su iya aiki ba, sai don ma'aunin da ake duba aikin da shi yana da tsauri ƙwarai. Ramin da kika saba haƙawa a haƙori kafin ki cike shi, wanda mara lafiyarki zai tafi da shi lafiya lau, a can ana auna zurfinsa da faɗinsa da santsin gefensa, in kin ɗan shafi haƙorin da ke kusa an rage miki maki. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma na aikin hannu ya fi kowanne tsada, ga kuɗin jirgi da masauki da bizar ziyara.

Sai kin riƙe takardar ADC da sakamakon Turanci, IELTS ko OET, sannan maganar bizar aiki take tasowa. Wani abu kuma: tun 2015 laifi ne a dokar Ostireliya a biya kuɗi don a ɗauki nauyin bizar mutum, mai bayarwa da mai karɓa duk suna iya shiga uku. In ejan ɗin ya ce shi ƙwararre ne, ki nemi lambar rajistarsa ta OMARA, ofishin da ke yi wa ejan-ejan na biza rajista, ki duba a shafin gwamnatinsu.

Maman Ilham:
Innalillahi. Na gode Yaya, Allah ya kiyaye ni ta hannunka. To batun shekaru fa? Na ji ana cewa akwai iyaka.

Abu Safwan:
Akwai. Bizar da ake bayarwa bisa maki tana rufewa da zarar mutum ya cika 45, kuma mafi ƙarancin makin da ake shiga layi da shi 65 ne. Daga shekara 33 zuwa 39 ana ba da maki 25 na shekaru, daga 40 sai ya faɗo zuwa 15. Ke nan kina da lokaci, amma ba na wasa ba, don tafiyar ADC tana iya cin shekara biyu ko uku ko da komai ya tafi daidai. Ki dage da Turanci: 7 a kowane sashe na IELTS maki 10 ne, 8 kuma maki 20. Sannan ki sa a ranki cewa ƙofar da ta fi buɗewa ga likitan haƙori ita ce ta yankunan da ke wajen manyan birane, irin biza mai lamba 491 ko 494, ko kuma 482 da mai asibiti ke ɗaukar nauyi. Ita 491 ta shekara biyar ce, bayan shekara uku ana iya neman zaman dindindin. Ku tattauna da maigida tun yanzu ko zai iya zama a ƙaramin gari, kuma ko aikinsa zai samu a can.

Ummu Khadija:
Salam 'yar uwa. Ni a Ingila nake, kuma ban yarda da wanda ya ce miki ta fi sauƙi ba. Abin da ke da sauƙi a nan bizar ce, ba rajistar ba. Hukumar GDC ce ke rajista, jarrabawarta kuma ORE, kashi biyu, duka a Landan. Kashi na farko rubutu ne, na biyu aikin hannu da tsara magani da agajin gaggawa. Kowane kashi sau huɗu kawai ake ba mutum dama, kuma dole ki ci na biyu cikin shekara biyar daga ranar da kika fara zama na farko. Suna neman shaidar awa 1,600 ta duba marasa lafiya da hannunki, wannan ke kin wuce shi, da IELTS 7 a jimla ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba.

Babbar wahalar ita ce samun kujera. Shekaru da yawa masu jira sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, in an buɗe rajista cikin 'yan mintoci ake cinyewa. Akwai wata jarrabawar, LDS, ta kwalejin likitocin fiɗa ta Ingila, wadda ita ma GDC ke karɓa, amma can ma kujerun kaɗan ne. Kuma in wani ya ce miki ki zo ki yi rajista a matsayin mai wankin haƙora kafin ki ci ORE, ki sani an rufe wannan hanya ga masu digirin likitan haƙori na waje tun watan Maris na 2023.

In Allah ya sa kin samu rajista, asibitin da ke da lasisin ɗaukar baƙi zai ba ki takardar ɗaukar nauyi, ki nemi bizar ma'aikatan lafiya, wadda aka yafe wa kuɗin inshorar lafiya da sauran baƙi ke biya, ke da iyalinki. Aiki a ƙarƙashin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, kuma yana buƙatar wata lamba ta daban, galibi bayan kin yi wani lokaci a ƙarƙashin kulawar wani likita. Ki riƙa bin labarai, don a 2025 gwamnati ta fito da shirin tsawaita shekarun da ake yi kafin a samu zaman dindindin.

Malam Baba:
Ni ba likita ba ne, amma ƙanena likitan haƙori ne a Kanada kuma a gabana ya yi faman. Ita Kanada ta bambanta da sauran a abu guda: ana iya samun takardar zaman dindindin kafin lasisi. Tsarin Express Entry yana duba shekaru da digiri da Turanci da ƙwarewar aiki, kuma tun 2023 suna ware gayyata ta musamman ga ma'aikatan lafiya, har da likitocin haƙori. To amma 'yata, takardar zama ba ta ba ki izinin riƙe allura. Sai kin bi matakan NDEB, hukumar jarrabawar likitocin haƙori ta ƙasar: AFK ta gwada ilimin tushe, sannan ACJ ta gwada yanke shawara kan mara lafiya, sannan ta aikin hannu a Otawa, sannan ta ƙarshe, kafin lardin da kike ya ba ki lasisi. Ko kuma ki nemi gurbi a jami'a ki ƙara shekara biyu ko fiye, da kuɗi masu nauyi. A tsakanin nan da wani aikin za ki riƙe gida. Na ga yadda abin ya taɓa zuciyar yaron nan, mutumin da ake kira Dakta ya koma miƙa wa wani kayan aiki. Ya jure kuma ya samu, amma ki tambayi kanki da maigidanki ko aljihu da zuciya za su ɗauka. Makin shekaru ma a can yana fara raguwa ne daga 30.

Dakta A.:
Ni ra'ayina ya ɗan saɓa. Me ya sa kowa ya tsallake ƙasashen Larabawa? Saudiyya da Dubai da Katar suna ɗaukar likitocin haƙori ba tare da an shafe shekaru ana jarrabawa ba. Kamfanin DataFlow za su tantance takardunki daga jami'arki da wurin aikinki, ki zauna jarrabawar hukumar lafiyar wurin a kwamfuta, asibiti ya yi miki biza. Yawanci suna son shekara biyu ta aiki bayan horo. Gaskiya ne zamanki yana rataye da kwantiraginki, ba a maganar zama ɗan ƙasa, kuma masu neman aikin suna da yawa har albashin sabon zuwa ba ya kai yadda ake zuzutawa. Amma hannunki ba zai yi sanyi ba, kuma da abin da kika tara za ki iya biyan ADC ko ORE ba tare da cin bashi ba.

Ummu Khadija:
Dakta A. ya faɗi abu mai muhimmanci game da hannu. Ko ina za ki, kada ki ajiye aiki don karatun jarrabawa, hukumomin nan suna tambayar yaushe rabonki da duba mara lafiya. Amma 'yar uwa, taura biyu ba ta taunuwa. Cin ORE ba zai ba ki rajista a Ostireliya ba, haka matakin farko na Kanada ba ya rage miki komai a Ingila. Na san waɗanda suka raba kuɗinsu uku, kowace ƙasa suka ci matakin farko, har yau ba su da lasisin ko ɗaya. Inda na san rajista tana tsallakawa kai tsaye shi ne tsakanin Ostireliya da Niyu Zilan, saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu.

Maman Ilham:
Wallahi kun haska min hanya, Allah ya biya ku. Na sanar da ejan cewa na fasa. Mun zauna da maigida, hankalinmu ya fi kwanciya da Ostireliya, tunda zan iya yin matakin rubutu ina kan aikina, kuma shi ba ya ƙin zaman ƙaramin gari. Yaya Abu Safwan, me zan fara yi a wannan watan?

Abu Safwan:
Madalla. Ki fara da takardun da ba a hannunki suke ba, don su ne ke cin lokaci: cikakken sakamakon jami'a na kowace shekara, shaidar shekarar horo, da wasiƙun wuraren da kika yi aiki masu ɗauke da ranar farawa da ta gamawa. Ki duba sunanki ya zo iri ɗaya a fasfo da digiri da lasisi, in aure ya canza shi ki tanadi takardar rantsuwa ta kotu. Takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumarku ta gida kada ki yi saurin karɓarta, wa'adinta gajere ne, ki bari sai kin shirya turawa. Jarrabawar Turanci ma tana da wa'adi, don haka ki fara karatunta yanzu amma ki jinkirta zamanta har ki ci ta rubutu. Ki sauke littafin jagorar ADC daga shafinsu ki karanta shi da kanki, kuɗin kowane mataki da ranakun jarrabawa duk suna can, kuma suna canzawa. Idan kin tura takardun, ki yi min magana in haɗa ki da masu shirin zama ta rubutu, suna karatu tare ta intanet duk ƙarshen mako.