Salansa ta gefe ko ta ƙarƙashi? Wanda ya hau ya ba ni labari

Baban Khalifa, Gwarinpa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikin motar nan tawa ya zo inda ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Ga wanda bai san ta ba, kwaikwayon Cobra ce, wato ƙaramar motar gudu ta shekarun 1960, bodinta na faiba, an ɗora mata injin Lexus LS400, wato 1UZ mai silinda 8, lita 4. Inji ya zauna, giya ta zauna, saura salansa. Mai waldana na Apo ya ce in zaɓa, ko a fito da bututun ta gefe ya bi ƙarƙashin ƙofa hagu da dama, ko a bi da shi ta ƙarƙashin mota ya fita ta baya. In an huda bodi an huda ke nan, shi ya sa nake so in ji daga bakin wanda ya hau, ba wanda ya gani a hoto ba. Zuciyata dai tana kan ta gefe, ba zan ɓoye muku ba.

Alhaji na Asokoro:
Wa alaikumus salam. Tawa daga Afirka ta Kudu ta zo, da salansar gefe a jikinta, kuma har gobe ina son ta. Amma bari in faɗa maka abin da hoto ba ya nunawa. Bakin bututun yana nan dab da tayar baya, kusan daidai ƙugunka, kuma motar ba ta da rufi. Duk abin da silinda huɗu na ɓangaren hagu suka fitar, kunnenka na hagu ne zai sha. A cikin gari daɗi gare ta. Amma ka hau titin filin jirgi ka riƙe gudu ɗaya daga ƙofar gari zuwa Lugbe, sai ka sauka kunnen na yi maka amo har dare. Yanzu da abin toshe kunne nake tuƙi in tafiyar da nisa. Hira da wanda ke gefenka kuwa sai dai a bari sai an tsaya.

Sai maganar fita. Dole ka koyi ɗaga ƙafa ka tsallake bututun, domin ƙofar ƙarama ce kuma kujerar a ƙasa take. Da kaftani abin ya fi wuya. Akwai wandon shaddar da ya taɓa shi ranar wata Juma'a, nan take ya ƙone ya manne a jikin ƙarfen, sai da aka kankare. Da babbar riga ba na shigarta ko kaɗan.

Malam Mai Tarihi:
Ɗan'uwa, in dalilinka shi ne ta yi kama da ta asali, to ka kwantar da hankalinka. Lokacin da Carroll Shelby ya fara wannan mota a 1962, bodin kamfanin AC na Ingila ya ɗauka ya sa masa injin Ford na Amurka, kuma waɗanda aka sayar don hawa a titi ta ƙarƙashi salansarsu take bi. Haka ƙirar 289 take. Ko 427 ɗin da ta fito a 1965, ta titi ta baya take fitar da hayaƙi. Motocin tsere ne da ƙirar S/C, wato ta tsere da aka ɗan gyara don hawa titi, suke da bututun gefe. Masu kwaikwayo ne suka fi raja'a a kan wannan siffar har mutane suka ɗauka kowace Cobra haka take. Duk wadda ka zaɓa tana da asali.

Ɗan Rayfield, Jos:
Ni ta ƙarƙashi na yi, a Farin Gada aka haɗa min, kuma ina so ka san ita ma da nata ciwon kan. Motocin nan a kwance suke. Da na auna tawa kafin a sa komai, tsakanin shasi da ƙasa bai wuce santimita 12 ba. Aka zo aka rataya bututu mai inci biyu da rabi a ƙarƙashin wannan. To me ya rage? Tudun rage gudu na farko da na hau sai da na ji ƙarar har cikin haƙorina. Cikin damina ɗaya tukunyar salansar ta lotse, ƙusoshin manifol, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga kan inji, suka saki, domin duk dukan da bututu ya sha a ƙasa can wajen kan inji yake ƙarewa.

Gyaran da muka yi shi ne muka ɗaga bututun ya bi ta jikin shasi maimakon ƙarƙashinsa, muka nemo tukunya mai fāɗi marar kauri, sannan a wurin da ya fi kusa da ƙasa aka sa bututu mai siffar ƙwai a kwance. Tun daga nan sai jefi-jefi take taɓawa. Ribar da na samu kuwa ba kaɗan ba ce. Ina fita sallar asuba da ita ban tashi unguwa ba, kuma ni da mai ɗakina muna zuwa har Akwanga muna hira.

Abu ɗaya da ban ji wani ya ambata ba, ko wacce ka zaɓa, ka duba inda bututun hagu ya wuce kusa da tukunyar man birki da tiyonsa. Wurin a matse yake. Man birki in ya sha zafi tafasa yake, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ya san ba wurin gwaji ba ne. Ka sa a yi wa wurin kariya da falle na alminiyam.

Maman Sadik, Kubwa:
Ku yi haƙuri in sa baki, motar maigidana ce amma ƙafar ɗana ce ta ƙone. Ya dawo ya faka a tsakar gida, ya kashe, ya shiga ciki. Yaron ɗan shekara huɗu ya rugo ya jingina da ƙofar yana leƙen sitiyari. Wallahi ihun da ya yi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Irin ƙunar salansar ɗan acaɓa ce, sai dai ta fi ta faɗi, daga gwiwa zuwa ƙwauri. Ƙarfen yana daɗewa bai huce ba bayan an kashe inji, kuma yaro ba ya ganin alamar zafi a jikinsa. Baban Khalifa, in akwai ƙanana a gidan, ka sa su cikin lissafi. In kuma tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi kamar minti 20 sannan a wuce asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai kamar yadda ake yi.

Alhaji na Asokoro:
Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Ni ma saboda jikoki na sa aka yi wa tawa rigar ƙarfe mai huji-huji, da tazarar yatsa tsakaninta da bututun. Tana yin zafi har yanzu, amma ba mai ɗaye fata ba.

Ɗan Autan Wuse:
Ni dai ban ga amfanin Cobra marar ruri ba. Ta gefe kowane ɓangare na inji kukansa daban yake fita, shi ne wannan gurnanin da ake jiyowa tun daga nesa. Yaya, ka bi zuciyarka.

Usta Mai Walda, Apo:
Ranka ya daɗe, na yi duka biyun da hannuna, bari in faɗi nawa. Injinka ba na kafireto ba ne, yana aiki da sensar hayaƙi. A salansar gefe bututun gajere ne, in aka dasa sensar kusa da baki, ko aka bar wata kafa tana zuƙar iska kafin a kai gare ta, sai ta gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa mai ya yi kaɗan. Ita kuma sai ta ƙara. Za ka ga baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi, mai na tafiya, a yi ta zargin injin alhali lafiyarsa ƙalau. Wurin sensar shi ne bayan inda bututu huɗun suka haɗe, kuma kanta ya kalli sama kaɗan don kada raɓar cikin bututu ta taru mata.

Ta ƙarƙashi tana ba ni damar haɗa hagu da dama da guntun bututu a tsakiya, wannan yana tausasa ƙarar sosai. Ta gefe babu wannan damar. Wahalar ta ƙarƙashi a wajena ita ce baya, inda za a tsallake aksul a kuma kauce wa tankin mai. Nan ake cin lokaci.

Kuma ku tuna da zafin Abuja. A watan Maris, cikin cunkoson Nyanya, inda direba yake sa ƙafa a motar nan sai ya gasa mutum, domin manifol na bayan faiban kai tsaye. Ko ta ina aka bi sai an shimfiɗa abin tare zafi a wurin. In ta gefe ce, hujin bodi ya zama da tazarar yatsu biyu ko'ina, in ba haka ba fenti zai kumbura, faiba ya soye. Ƙarfe kuma a sa stenles da waldar agon. Baƙin ƙarfe in ka naɗe shi da ƙyallen zafi, danshi yake riƙewa ya cinye shi ta ciki.

Baban Khalifa, Gwarinpa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, yarana uku kuma babbansu bai kai goma ba. Na karkata ga ta ƙarƙashi yanzu, abin da ke damuna kawai tudun da ke bakin get ɗin unguwarmu, dogo ne sosai.

Usta Mai Walda, Apo:
To kada a huda komai tukuna. Ka cika tanki, ku shiga ku biyu, ka ɗaure guntun katako mai kaurin inci uku a ƙarƙashin shasi daidai tsakiyar tayoyin gaba da na baya, ka hau tudun a hankali wani yana durƙushe yana kallo. In katakon ya wuce, bututu zai wuce. In ya taɓa, ka kawo min awon in ga ko zai shige ta jikin shasi kamar na mutumin Jos.