Bakina na ƙullewa in an yi mini Faransanci, ga tafiyar Duwala na tafe

Mai tambaya, daga Garwa a arewacin Kamaru:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 23, ina tsaron shagon kayan babur na kawuna. Boko a CE2, wato aji huɗu na firamare, na tsaya, sai allo da na ci gaba da shi. Hausa da Fillanci babu matsala. Faransanci ina tsintar kaɗan-kaɗan, amma da zarar ma'aikaci ko ɗan kudu ya shigo shago ya fara zuba mini, sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, wanda na sani ma ya ɓace. Dole in kira yaron maƙwabcinmu ya yi mini tafinta. Yanzu Kawu ya ce nan da wata uku ni zan riƙa zuwa Duwala sayo kaya, kuma tun da ya faɗi haka, barci ya ƙaurace mini. Ta ina zan fara? Kuɗin makaranta ba ni da shi.

Malamar firamare, daga Ngaundere:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wata uku ba za su mai da kai lauya ba, amma sun isa ka yi ciniki ba tafinta. Sharaɗin shi ne kada ka ɗauko littafin nahawu ka fara daga shafin farko, nan mutane ke karaya tun a mako na biyu. Faransancin da kake bukata na wuri huɗu ne: shago, tasha, masauki, da shingen jami'an tsaro a hanya.

Kuma ka riga ka yi nisa ba ka sani ba. Bougie, chaîne, pneu, frein, amortisseur, sunayen kayan babur ɗin nan, ai kullum da su kake ciniki. Abin da ya rage maka jimlolin da ake zuba waɗannan sunaye a ciki. Ka sami littafin rubutu, ka sa wanda ya iya ya rubuta maka jimloli cikakku, ba kalmomi ɗai-ɗai ba: « C'est combien le carton ? », « Quel est votre dernier prix ? », « Ce n'est pas la même qualité », « Donnez-moi la facture, s'il vous plaît ». Wato nawa ne katan, nawa ne farashinka na ƙarshe, ba inganci ɗaya ba ne, ba ni rasit don Allah. Amma kafin duk waɗannan ka haddace guda uku da za su fitar da kai kunya: « Répétez, s'il vous plaît », « Parlez doucement », « Écrivez le prix ici ». Wato maimaita don Allah, yi magana a hankali, rubuta farashin a nan. Wanda ya riƙe ukun nan ba ya maƙalewa, don zai iya rage wa kowa gudu.

Jimla biyar a rana, kada ka wuce. Ka sa a karanta maka su ka ɗauka a waya, ka saurara ka maimaita da murya a fili, ba a zuci ba. Sai bita, kuma kai da ka yi allo ka fi ɗan boko sanin wannan: hadda ba tilawa zubewa take. Abin da ka koya yau ka maimaita shi gobe, sai bayan kwana 3, sai mako ɗaya, sai mako biyu, sai wata. Ka rubuta ranar bitar a gefen shafi. Wadda ta kuɓuce maka ta koma farkon layi. Minti 20 bayan asuba da minti 10 kafin magariba sun fi awa uku ranar Lahadi kaɗai.

Abu ɗaya kuma: kada ka taɓa rubuta suna ba tare da le ko la ɗinsa ba. Hausa ma tana da namiji da mace, amma ba su dace da na Faransanci ba. Kasuwa mace ce a wurinmu, su kuma le marché. Gida namiji ne, su la maison. In ka bi Hausa kana canka, za ka yi ta kuskure.

Ɗan kasuwa, daga Kusseri:

Malama ta gama magana, amma ta bar inda ake asara, wato lissafi. Mu da muke ƙirga da dala, su kuma a can Cadi da riyal, kanmu ya saba da biyar-biyar. Lissafin Faransanci bai san dala ba. Dala ashirin ita ce cent, wato sefa ɗari, dala ɗari cinq cents, jaka ɗaya mille. In ka ji « cent » ka ɗauka dala ɗari ce, ka ninka kuɗin sau biyar ke nan.

Sai tarkon 70 zuwa 99. Saba'in soixante-dix ne, wato sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin sau huɗu. Casa'in da biyar quatre-vingt-quinze. Mai sauri zai ce « soixante-quinze mille » kai kuma kunnenka ya tsaya a soixante, ka rubuta 60 alhali 75 ne. Maganinsa: kullum ka sa yaron nan mai yi maka tafinta ya kira maka lamba 20 a gauraye, kai kana rubutawa, sannan ku juya, shi ya rubuta kai ka kira. Mako biyu kana haka kunnenka zai buɗe. Ko bayan ka iya, a Duwala kowane farashi a buga shi a kalkuleta ka gani da idonka. Manyan 'yan kasuwa ma haka suke yi, ba alamar jahilci ba ce.

Ma'aikacin jinya, daga Marwa:

Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren faɗuwar gaban zan shigo, don daga bayaninka ita ce babbar, ba Faransancin ba. Ka ce wanda ka sani ma ɓacewa yake yi. Dalili kuwa, in jiki ya ɗauka akwai haɗari sai ya saki sinadarin adrenalin: zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ragu, numfashi ya gajarce, hankali ya koma kan yadda za ka tsere, ba kan tuno kalma ba. Wannan ba aljani ba ne, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba.

Abin da ke ciyar da tsoron shi ne kiran tafinta. Duk sanda ka kira yaron, ka ji sanyi nan take, sai ranka ya koyi cewa gudu ne ya cece ka, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Ba na ce ka daina kiransa rana ɗaya ba. Ka hau mataki-mataki. Makon farko, gaisuwa kawai da faɗin farashi, sauran ka bar masa. Mako na biyu da na uku, ka yi cinikin da kanka yana tsaye kusa, ba zai sa baki ba sai ka waiwaye shi. Na huɗu, ka je kantin magani ko wurin tura kuɗi ka yi bukatarka da Faransanci daga farko har ƙarshe. Sannan ka fara kiran mai ba ku kaya a waya, wanda shi ne mafi wuya tunda ba ka ganin baki ko hannu. Kowane mataki ka yi ta maimaita shi har ka ji faɗuwar gaban ta ragu kamar rabi, sannan ka hau na gaba. Masu tsallake mataki su ne ke komawa baya.

In abin ya taso kana tsaye: ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, sau biyar ko shida. Fitarwar ce ta fi muhimmanci, ita ke sassauta bugun zuciya. Kada ka riƙa zuƙar iska da sauri-sauri, wannan jiri yake kawowa da sagewar yatsu.

Barci kuma, ka duba shayi da goro. Kafeyin da ke cikinsu kan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayin bayan isha'i yana nan tare da kai har tsakar dare. Daga la'asar ka tsaya. Tunanin da ke juya ka a shimfiɗa ka rubuta shi tun da yamma, kowanne da abin da za ka yi a kansa gobe. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ka sha tramol don ka sami ƙarfin zuciya, ba masoyinka ba ne. Yana kama mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Idan rashin barcin ya haura mako biyu tare da rashin son abinci, ko komai ya fita ranka, ko zuciyar na bugawa kana zaune ba dalili, je asibiti a duba ka, har da gwajin jini, don ƙarancin jini ma na kawo haka. In kuwa tunanin cutar da kai ya zo, a ranar za ka faɗa wa wani na kusa ku tafi asibiti.

Ɗalibin jami'a, daga Marwa:

Yaya, ka ƙara da sauraro. RFI na da Journal en français facile, labarai ne na minti 10 da ake karantawa a hankali, da rubutunsu a intanet. Ka fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ka saurare shi, za ka gane fiye da yadda kake zato. Lafazi kuma, mu Hausawa p da f da v da b ke ba mu wahala: pain, faim, vin, bain, burodi da yunwa da giya da wanka. A p da b leɓe biyu ke haɗuwa, a f da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ka gwada a gaban madubi.

Malamar firamare:

Rediyon yana da kyau, amma ba yanzu ba. Kalmomin siyasa da taron ƙasashe ba su zai tarar a kasuwa ba, kuma mutanen Duwala ba irin maganar gidan rediyo suke yi ba. Watan farko ya tsaya kan jimlolinsa da lambobi. Daga wata na biyu ya ƙara. Maganar p da f kam na yarda, a fara ta tun yau.

Hajiya, mai sayar da atamfa a Garwa:

Ɗana, ba harshe kaɗai ake kallo ba, har da yadda ka shigo. Doguwar gaisuwarmu ta gida da gajiya da iyali, a can ba a jiranta. « Bonjour monsieur » ko « Bonjour madame », ka ɗan saurara ya amsa, sai ka faɗi abin da ya kawo ka. Amma kada ka tsallake ta, ko da jami'i ne a shinge. Kowa ka ce masa vous, na girmamawa, har sai shi ya sauko da kai zuwa tu, na sabo. Sunkuyar da kai da muke yi wa manya ladabi ne a gida, a wurin ciniki kuwa ana iya ɗauka ba ka da tabbas, sai a ɗaga maka farashi. Ka dubi fuskar mutum lokacin gaisuwa da lokacin faɗin kuɗi. Ka kuma roƙi kawunka tafiyar farko ku je tare, ko ya haɗa ka da wanda ya san hanya, kai ka yi maganar shi ya tsaya a bayanka. Addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, ta buɗe ƙirji da warware ƙullin harshe, ka riƙe ta.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in na yi kuskure aka yi mini dariya fa? Shi ne abin da na fi tsoro.

Ma'aikacin jinya:

Za a yi, ka sa wannan a lissafi tun yanzu. In an yi, kada ka koma Fillanci ko ka yi shiru. Ka yi murmushi ka ce « On dit comment ? », wato yaya ake faɗa, ya faɗa maka daidai, ka maimaita a gabansa, ka ci gaba da cinikinka. Da yamma ka rubuta gyaran a littafin da Malama ta ce, ya shiga cikin biyar ɗin gobe.