Kunkuran teku da ke kiwo a gaɓa: yaya ake gane inda aka ƙyanƙyashe su?

Ɗalibin_Halittu:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske a kan koren kunkurun teku, wanda masana ke kira Chelonia mydas. Idan aka tarar da matasansa suna kiwon ciyawar ruwa a gaɓa, misali a Banc d'Arguin ta Muritaniya ko mashigin Corisco da ke tsakanin Gabon da Ikwatoriyal Gini, ta yaya ake gane bakin tekun da aka ƙyanƙyashe su? Sun bar gida tsawonsu bai wuce santimita 5 ba, kuma babu wata shaida a jikinsu.

Malama_Kififiya:
Wa alaikumus salam. Shaidar tana nan, cikin DNA na mitokondiriya, wato wani ɓangare na sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ake gado daga uwa kaɗai. Macen wannan kunkuru idan ta isa yin ƙwai, yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Saboda haka kowane wurin ƙwai yake tara tambarin zuri'ar iyayensa mata, wato nau'in jerin DNA ɗin da suka gada, kuma kowane tambari da lambar da masana suka ba shi. Dubi kunkuran tsibirin Ascension da ke tsakiyar kudancin Atilantika da na ƙasar Suriname: a gaɓar Brazil duka suke kiwo, amma yawancin na Ascension tambarin CM-A8 gare su, na Suriname kuwa CM-A5. Kiwo ɗaya, gida daban.

Aikin kansa ba shi da wuya. A goge fatar wuya ko kafaɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ciri ɗan guntu da abin huda mai faɗin milimita 6, a jefa shi cikin ethanol mai ƙarfin kashi 95 ko ruwan gishiri mai kashi 20 na DMSO, wani sinadari da ke taimakawa wajen adana samfur. A auna tsawon ƙoƙon bayansa, a saka masa lamba a hannu don kada a sake ɗibarsa. A ɗakin gwaji a fitar da DNA, a ninka yankinsa da ake kira D-loop ta hanyar PCR, wato dabarar yin kwafin guntun DNA da yawa, a karanta jerin harufansa. Daga nan sai lissafi: a kwatanta yawan kowane tambari a wurin kiwo da yawansa a wuraren ƙwai da aka riga aka sani. Ka lura, abin da lissafin ke bayarwa kason garke ne, wato kashi nawa daga ina. Ba ya nuna kunkuru ɗaya ya ce ga garinsu.

Dakta_Tsibiri:
Malama ta kawo ginshiƙin, amma wuraren da ka ambata su ne ainihin inda hanyar ke yin rauni. CM-A8 ya cika kudancin Atilantika: shi ya rinjaya a Ascension, a tsibiran Brazil, a tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini, sannan a Poilão ta Gini Bisau kusan babu wani sai shi. To idan samfur ɗinka na Muritaniya ya fito CM-A8 zalla, na wa ne? Kwamfuta za ta ba ka lamba dai, ba ta taɓa ƙin bayarwa, amma duba tazarar kuskuren da ke gefenta. Sau da yawa tana farawa daga kusan sifili ta kai rabi ko fiye.

Gyaran farko, a bar gajeren jeri na da mai harufa ɗari huɗu da ɗoriya, a koma mai tsawon kusan ɗari takwas, da firamomin LCM15382 da H950, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR iyakar yankin da za a ninka. Wannan yakan tsaga tambari ɗaya ya zama biyu ko uku. Idan bai wadatar ba, a ƙara da maimaicin harufan DNA na A da T da ke ƙarshen yankin D-loop, domin ya fi saurin canzawa. Sai a sa yawan matan da ke ƙwai a kowane wuri cikin lissafin. In ba haka ba, ƙaramin tsibiri mai 'yan tsirarun mata zai iya samun kason da ya fi ƙarfinsa.

Kuma lissafin ya ɗauka cewa duk wuraren asali suna cikin jerin da aka ba shi. Wurin da ba a taɓa ɗibar samfur ba, 'ya'yansa za a liƙa wa maƙwabcin da ya fi kama da shi ne kawai.

Mai_Awo:
Ƙari kaɗan a kan ɗibar samfur, don a nan aka fi yin ɓarna. Mace ɗaya takan yi ƙwai sau da dama a kaka guda, kusan mako biyu tsakani. Wanda ya bi ramukan ƙwai yana ɗiba ba tare da sanin uwar ba zai ƙirga mace ɗaya sau uku, ya kumbura tambarinta. Rami ɗaya ma samfur ɗaya ne, tunda duk 'ya'yan ciki DNA na uwa ɗaya suka gada.

A wurin kiwo kuma kada a haɗa ƙanana da manya a kwando ɗaya. Ƙananan da suka sauko gaɓa bayan shekarun yawo a tsakiyar teku, igiyar ruwa ce ta fi yanke musu inda za su sauka, manya kuwa suna iya matsawa kusa da gida.

Ɗalibin_Halittu:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Idan ɗakin gwajin yana wata ƙasa fa, ana iya aika fatar haka kawai?

Malama_Kififiya:
A'a. Wannan kunkuru yana rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka ko guntun fata ne sai da takardar izinin fitarwa da ta shigarwa. Ka fara neman su tun kafin ka shiga ruwa, kuma ka raba kowane samfur gida biyu, rabi ya zauna a firiza a ƙasar da aka ɗibe shi.