Eriyata ta mita 40 ta ƙi zama, laifin balan ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina fama. Na haɗa eriyar rediyo dayifol (waya mai hannu biyu) ta 7 MHz, wato zangon mita 40, kowane hannu mita 10, ɗaya a jikin darbejiyarmu, ɗaya a ƙarfen tankin maƙwabci, wanda sai da na yi ta zarya kafin ya yarda, har yau iyalinsa na cewa tsawa zan jawo musu. Kebul ɗin da ya haɗa ta da rediyo samfurin RG-58 ne. A 4nec2 (manhajar gwada eriya a kwamfuta) komai lafiya lau, amma da na taɓa kebul sai SWR (ma'aunin dacewar eriya da rediyo) ya motsa, in na danna magana makirifo ya ɗan ƙona min leɓe, lasifikar ɗakin Hajiya ta kama gurnani. Na naɗa balan (kebul a kan zobe, don hana wuta biyo bayan kebul), shiru. Ku taimaka don Allah.

Tsohon injiniya: Yaro, a kan wane zobe ka naɗa? Dayifol hannu biyu ce daidai wa daida, kebul ɗinka ba haka yake ba, shi ya sa wuta ke biyo bayan ragarsa ta shigo maka ɗaki. A kwamfuta ba ka zana bayan kebul a matsayin waya ta uku ba, dole ta nuna maka lafiya. Nemi FT240-43, zoben ferayit (sinadarin da ke tare irin wannan wutar), ka naɗa kebul sau 12, ka rataye a daidai tsakiyar eriya. Magana ta ƙare.

Mai gyaran rediyo: Ni balan mai 4:1 zan ce ka sa, mai raba om (ma'aunin turjiyar lantarki) na eriya gida huɗu. Ko da yake wanda na yi oda wata biyu ya yi a hanya, da na fasa robar ba ko zobe a ciki, kuɗina sun tafi.

Tsohon injiniya: 4:1 a eriya mai om 70? Haba malam, ai na dayifol mai ninki ne, mai om 300.

Mai tambaya: Baba, zoben na ciro ne daga fawa sufulai na tsohuwar kwamfuta, ruwan ɗorawa da fari. Kuma a bayan rediyo na sa shi, sama akwai rana da ruwa.

Tsohon injiniya: Wannan garin ƙarfe ne, ba ferayit ba, ba zai tare komai ba.

Mai sola: Ka fara kashe inbata tukuna, ni tawa ce ta hana ni sakat shekara guda.

Mai tambaya: Ba inbata a gidanmu. Zoben kuma kamar sabo fil yake, ni dai ina zargin tankin nan ne. Hawa bishiyar ma ba zan sake ba sai bayan damina.